Mai Amsa wa Sabo

Ni dai tun farko na ce tafiyar nan ba ta yi ba, amma wa ya saurare ni? A gidanmu in Umma ta ɗaura ɗankwali ta ce za a yi abu, sai dai kowa ya nemi takalminsa.

A kan tsuntsu aka yi ta. Muna da gauraka a gidanmu na Madabo, sunansa Sabo, kuma ya girmi ƙanena Jafaru. Wani mutumin gabas da Babanmu, Malam Abdulbaƙi, ya yi wa aikin babbar riga ne ya kawo shi tukuici yana ɗan tsako, duk jikinsa ƙafa. Da yake a lokacin akwai wani tsohon gauraka a gidan, sai aka riƙa cewa "sabon", har sunan ya bi shi. Tsohon ya mutu, shi ma ya zo ya tsufa, amma har yau Sabo ake ce masa.

Yaran yanzu in ina ba su labari sai su ɗauka ƙari nake yi. Wallahi da muna yara ba mu kaɗai ke da shi ba. Akwai guda biyu a gidan Alhaji Ɗalha mai goro a Koki, akwai na gidan Hajiya Baraka a Zaitawa, akwai ma waɗanda ba mu san gidajensu ba, muryarsu kawai muka sani. Da an sallame sallar asuba gari ya fara haske, sai namu ya tsaya a bakin rijiya, ya miƙe wuya, ya kumbura jan maƙogwaron nan nasa ya saki kuka. Can sai ka ji na Koki sun karɓa, na Zaitawa ya biyo baya, abin yana bin saman soraye har ya ɓace ta wajen Dala. Baba ya ce mana ba kuka ba ne, tambaya ce.

"Ku kasa kunne da kyau," in ji shi. "Cewa yake yi: Akwai? Akwai? Su kuma su ce masa: Akwai!"

Tun daga ranar kunnena bai sake jin wani abu daban ba.

To, a hankali aka daina karɓa. Alhaji Ɗalha ya rasu, magada suka raba gidan, ba wanda ya san inda tsuntsayen suka yi. Na Zaitawa aka wayi gari ya mutu. Kududdufin bayan gidanmu, inda muke kamo wa Sabo kwaɗi da fara, aka cike shi da shara aka ɗora masa shaguna. Safiya ta koma ta janareto da hon ɗin 'yan adaidaita. Sabo ya yi ta tambaya ba mai tanka masa, sai Baba ya ɗauki aikin. In ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a soro, ya haɗa tafukansa a baki ya amsa masa. Kuma fa ya iya! Har da ɗan karyewar nan ta ƙarshe.

Ba abin da ke ɓata wa Umma rai kamar wannan.

"Haba Malam! Da girmanka da gemunka kana kukan tsuntsu, maƙwabta suna ji? Surukanka fa a lungun nan suke wucewa."

Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce, "Uwa, a yi miki sallama a cikin gidanki ki yi shiru?"

Sai ta ja tsaki ta koma madafi. Kullum haka, har na yi aure, har na haihu, har 'ya'yana suka fara kwaikwayon kakansu.

Da farkon damina Baba ya rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, Sabo ya ci gaba da tsayawa a bakin rijiya kowace safiya, ya yi tambayarsa, ya juya ya zuba wa ƙofar soro ido. Jafaru ya gwada amsa masa, abin ya fito kamar akuya ta shaƙe, tsuntsun ko kallonsa bai yi ba. Ya nemo kukan gauraka a waya ya kunna masa, nan ma ya juya mana baya. Daga nan ya daina kukan gaba ɗaya. Sai kuma ya fara barin dawarsa a kwano, kaji suna cinyewa. Umma tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina, ita ce ke riƙe bakinsa tana ɗura masa kunu da cokali. Kafin ta fita takaba tukkun kansa mai ruwan zinare ya kwanta gefe guda, in ka ɗaga shi kuwa ba nauyi sam.

Ranar da ta fita, ta kira ni da Jafaru.

"Ba zai mutu a hannuna ba," ta ce. "Kaɗaici ke cinsa. A mayar da shi inda aka ɗauko shi, ya ji muryar 'yan'uwansa."

Jafaru, uban rawar kai, nan take ya shiga latse-latsen waya. Ya ce ai wurin da mutumin nan ya ɗauko shi, Fadamar Marke, yanzu gandu ne da aka killace, an hana farauta, har da ma'aikata masu gadin tsuntsaye. Ya nuna mana hoton allon bakin ƙofar wurin, ga gauraka an zana ɓaro-ɓaro.

Ni kuwa na tashi da faɗa. Na ce Umma ga ciwon gwiwa ga hawan jini, wurin nan ba nan kusa ba ne. Na ce tsuntsun nan tun yana tsako aka karya masa fiffike ɗaya don kada ya tashi, da me zai bi 'yan'uwan nasa, da adaidaita? Na ce ni malamar makaranta ce, Asabar ɗin nan ita kaɗai nake da ita in yi wanki. Duk na faɗa, kuma duk gaskiya ne. Amma babban dalilin ban faɗe shi ba: ba na so ya tafi. An rabar da rigunan Baba, an ba almajirinsa kayan ɗinkinsa, Sabo kaɗai ya rage wanda in na shigo gidan na gan shi nake jin kamar Baba yana soro.

Umma ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ki zo da wuri, Sa'ida. Ki taho da tsohuwar safar mijinki."

Safar ashe ta rufe masa ido ce. Ta huda bakinta ta zura masa a kai, baki ya leƙo waje, ta naɗe ƙafafun ta ƙunshe shi cikin zani ta rungume. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka sai da muka taka har bakin titi, duk unguwa ana kallonmu. Mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, asibiti za a kai shi?" Ta ce, "Gida za a kai shi." Ni dai na ja mayafi na rufe fuska.

Tafiya kam mun sha ta. Muka wuce Ringim, muka wuce Haɗeja, kwalta ta ƙare muka hau burji, burji ya ƙare muka shiga yashi. Motar Jafaru ta kafe, sai da wasu masu amalanken shanu suka tura mu. Sabo kuma ya duba duk cikin motar bai ga inda ya dace ba sai atamfata. Na ce, "Madalla, an gode!" Umma ko a jikinta. Tana shafa bayansa tana ba mu labarin ranar sunan Jafaru, yadda mata suka cika tsakar gida ana kiɗan ƙwarya, sai ga Sabo ya buɗe fukafukai ya faɗo tsakiyar fili yana tsalle yana rusunawa, mata suka watse da ihu, Baba yana leƙowa daga soro yana dariya har hularsa ta faɗi. Rabon da in ji ta ambaci Baba da fara'a tun kafin ya kwanta ciwo, sai na bar ta ta ci gaba.

Da la'asar muka isa. Ga allon nan da muka gani a waya, rana ta cinye fentinsa. Wani ma'aikaci cikin koren kaki ya fito daga ɗan ofishinsu ya yi mana maraba, ya ce sunansa Mika'ilu. Ya ga ƙunshi a hannun Umma yana motsi, ya tambaya cikin ladabi ko mene ne. Ta zauna a kan benci, ta kwance zanin, ta zare safar.

"La'ilaha illallahu!" in ji Mika'ilu. Har da ja da baya. Sai ya juya ya ƙwala kira, "Umar! Yusuf! Ku zo ku gani!"

Kafin ka ce me, ƙarti sun kewaye mu, kowa ya zaro waya yana ɗaukar hoto, wani yana cewa a matsa masa shi ma ya gani. Raina ya ɓaci. Na ce wa Jafaru, mu da muka zo kallon daji, ga shi mu ake kallo. Umma kuwa daɗi ta ji, har tana gyara masa tukku. Da hayaniyar ta lafa ta ce, "To, samari, ina 'yan'uwansa suke kwana? Can za ku kai mu."

Suka kalli juna, wayoyin suka koma aljihu. Mika'ilu ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, babu."

"Babu kamar yaya?"

"Babu su. Tun da na kama aiki a nan ban taɓa ganin ko ɗaya ba, sai na jikin allon can. Yau ne farkon ganina da ido. Mahaifina yana ba mu labari, wai da garke-garke suke sauka, da safe ba mai iya komawa barci. To, ruwa ya ja baya, sannan an yi ta kwashe 'ya'yan ana kaiwa birni, gidajen manya."

Umma ta dubi tsuntsun da ke cinyarta, ta daɗe tana dubansa.

"Birni," ta ce. "Wato mu."

"A'a Hajiya, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana, ɗan nan. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Ban taɓa jin tausayinta irin na lokacin ba. Ta ɗauko shi tun daga Kano a cinyarta don ta mayar da shi cikin dangi, ashe dangin a tsakar gidajenmu suka ƙare, ɗaya bayan ɗaya, muna ji muna gani. Duk safiyar nan da nake ba yara labarinta ina alfahari, ashe daga nan aka kwaso ta.

Ta tambaya ko za a iya barinsa duk da haka. Mika'ilu ya duba fiffiken ya girgiza kai, ya ce in aka sake shi a nan dila ba zai bari ya kwana ba. Sai dai in ta yarda su yi masa keji a bayan ofis.

"Keji?" in ji Umma. "A gidanmu ko igiya ba a taɓa ɗaura masa ba."

Na ce to shi ke nan, mu kama hanya tun da sauran rana. Ta ce ba inda za ta.

"Su da ido suke nema, shi kuwa tambaya zai yi. A kai shi bakin ruwa da safe ya tambaya da kansa. In babu, ya ji da kunnensa."

Haka muka kwana a ɗakin baƙinsu, sauro ya yi bikinsa a kaina.

Da muka yi sallar asuba Mika'ilu ya ɗauke mu a motarsu ta aiki, sannan muka ƙarasa da ƙafa, Jafaru yana riƙe da hannun Umma. Ni mai mita, yau ga ni zan faɗi gaskiya: ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, bado ya rufe gefensa da fararen furanni, giginyu tsaye can nesa. Kirinjijiya, agwagin daji, dubbai suna ta fito, ga dinya, ga balbela fari fat a kan itatuwa, ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a biya shi. Warin laka da danyar ciyawa ya bugi hancina, sai ga ni a bakin kududdufinmu ina 'yar yarinya, riƙe da gwangwanin fara, Baba yana ce mini in kula da santsi. Na ji kewarsa ta taso mini. Da shi aka zo da ya san sunan kowane tsuntsu, wanda bai sani ba kuma ya ƙirƙira masa.

Umma ta sunkuya da ƙyar ta ajiye Sabo a kan laka, ta zare safar. Ya yi tangaɗi, ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba ta, ya mayar. Tun yana tsako rabonsa da taka irin wannan ƙasa. A hankali ya shiga ruwan har ya kai masa gwiwa, iska tana kaɗa tukkun nan da ya kwanta. Sai na ga wuyan yana miƙewa, jan maƙogwaron yana kumbura. Na damƙe hannun Jafaru.

Akwai? Akwai?

Muryar ta dushe, amma ta tafi bisa ruwan nan har can. Agwagin da ke kusa suka tashi fuuu. Muka yi tsit, har Mika'ilu da ya ce babu, na ga ya karkata kai yana saurare. Agwagin suka sauka. Ba abin da ya dawo.

Ya sake yi, ya fi na farko ƙarfi. Shiru. Sai ya juyo da kansa ta hannun hagu, daidai yadda yake juyawa ya dubi ƙofar soro in yana bakin rijiya. Nan hawaye ya ɓalle mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya yi na uku, guntu, bai ƙarasa ba. Wuyan ya fara saukowa.

Sai na ji an amsa daga bayana.

Akwai!

Na rantse muryar Baba na ji, har da ɗan karyewar nan ta ƙarshe. Na waiwaya. Umma ce. Ta haɗa tafukanta a baki, carbi yana lilo a wuyan hannunta, mayafi ya zame ya faɗa laka, a gaban baƙon namiji, ita da ko dariya ba ta yi da ƙarfi in akwai baƙo a soro. Hawaye yana bin kuncinta, ta ja numfashi ta sake yi.

Sabo ya juyo gaba ɗaya. Ya tambaya, ta amsa. Ya sake tambaya, ta sake amsawa. Sai ga shi ya fito daga ruwan da sauri yana fantsama, ya buɗe lafiyayyen fiffiken da karyayyen, ya yi tsalle ɗaya, ya rusuna a gabanta. Ƙarfinsa bai kai ya yi na biyu ba. Ya matso ya cusa baki a haɓar zaninta, inda take ƙulle gyaɗa. Ta kwance masa, ya shiga tsattsaga a tafinta, yana ci kamar wanda aka ce za a ƙwace.

Jafaru ya juya baya wai yana duba waya. Mika'ilu yana goge ido da hularsa ta aiki. Umma ta ɗago ta gan mu.

"Me kuke kallo? Ɗauko mini mayafina, Sa'ida. Kai kuma kawo safar nan. Gida za mu."

A mota, bayan mun hau kwalta, na kasa haƙuri na ce, "Umma, yaushe kika koya?"

"Koya? Ina madafi ina jinsa kullum, ina yi masa faɗa." Ta gyara wa tsuntsun zani. "Da na sani da na bar bawan Allah ya yi abinsa cikin kwanciyar hankali."

Yanzu kowace safiya in an sallame asuba sai ta ɗingisa ta fita soro, don ta ce daga tsakar gida ba ya karɓa, sai daga inda ya saba ji. Maƙwabta sun yi gulmarsu sun gaji. Sabo ya mayar da jikinsa, tukkun ya miƙe, har ya koma korar kaji daga kwanonsa. Mika'ilu yakan bugo wa Jafaru waya ya tambayi lafiyarsa, ya ce har yanzu suna dubawa.

Ran nan na kwana a gidan saboda gwiwar ta matsa mata. Da asuba na ce ta yi zamanta, ta ce in kama ta mu je. Muka tsaya a soro, daidai inda tabarmar Baba take a da. Sabo ya yi tambayarsa daga bakin rijiya. Ina jira ta amsa, sai ta kamo hannuwana biyu ta haɗa su, ta kai mini baki.

Na ce, "Haba Umma, ni? Da girmana, ɗalibaina suna wucewa ta lungun nan?"

"An ce gauraki suna daɗewa, Sa'ida. Zai iya riga ni, zan iya riga shi. Yi mu ji."

Na yi. Abin ya fito ya fi na Jafaru muni. Sabo ya sake tambaya, yana jira.

"Ba daga maƙogwaro ba," in ji Umma. "Daga ƙirji. Sake."